Tambayoyi da amsoshi kan ƙungiyar Mayo, wadda ke neman kofin Sam Maguire tun 1951

A yammacin ƙasar Ailan, bakin tekun Atlantika, akwai wata gunduma mai suna Mayo. Duk wanda ya fara bin ƙwallon gargajiyar ƙasar, wato ƙwallon Gaelic, ba ya daɗewa sai ya ji labarinta. Sau 11 ƙungiyar gundumar ta kai wasan ƙarshe na ƙasa tsakanin 1989 da 2021, kuma ko sau ɗaya ba ta koma gida da kofi ba. Ga amsoshin tambayoyin da mai karatu zai so ya yi.

Wane irin wasa ne ƙwallon Gaelic, kuma yaya ake ƙirga ci?

Kowane ɓangare mutum 15 ne, ƙwallon kuma zagayayya ce, ta ɗan fi ta ƙwallon ƙafar da muka sani nauyi. Ana cafe ta da hannu, ana buga ta da ƙafa, ana kuma miƙa wa abokin wasa ita da dunƙulen hannu ko tafi. Ba a yarda mutum ya rungume ta ya yi ta gudu ba. Bayan taku huɗu dole ya buga ta a ƙasa ta dawo, ko ya sake ta kan ƙafarsa ya ɗago ta zuwa hannu. Wasan manyan gundumomi minti 70 ne.

Turakun raga suna da siffar harafin H. In ƙwallo ta shiga raga, maki 3 ke nan. In ta wuce ta saman sandar tsakiya, tsakanin dogayen turakun biyu, maki 1. Shi ya sa ake rubuta sakamako gida biyu: 2-14 na nufin an zura biyu a raga an kuma ci 14 ta sama, jimla maki 20. A riƙe wannan, don duk sakamakon da zai zo a ƙasa haka aka rubuta shi. Daga 2025 an ƙara doka cewa bugun da ya wuce ta sama daga bayan wani layi mai nisan mita 40 maki 2 ne, amma tarihin da za mu bi kusan duk kafin wannan dokar aka yi shi.

Wa ke shirya gasar, kuma wane kofi ake nema?

Hukumar GAA ce, wadda aka kafa ranar 1 ga Nuwamba 1884 a garin Thurles, lokacin da Ailan ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya, domin raya wasannin gargajiyar ƙasar. Gundumomi 32 na tsibirin sun kasu lardi huɗu, Mayo kuwa tana lardin Connacht tare da Galway da Roscommon da Sligo da Leitrim. Ƙungiyoyin 'yan Ailan mazauna Landan da New York su ma a wannan lardin suke shiga. Kowane lardi yana da kofinsa, sannan akwai gasar rukuni da ake bugawa a farkon shekara. Babbar gasa ita ce ta ƙasa baki ɗaya, wadda ake ƙarewa a filin Croke Park da ke Dublin, mai ɗaukar mutum 82,300. Kofin da ake ɗagawa a ranar shi ne Sam Maguire, an fara ba da shi a 1928. 'Yan ƙasar Sam kawai suke ce masa.

Me ya sa Mayo ba za ta sayo 'yan wasa ta huta ba?

Babu ciniki a wannan wasa, babu kuma albashi. Ɗan wasa yana tasowa ne a kulob ɗin ƙauyensu ko unguwarsu, in ya yi fice sai gundumarsa ta kira shi. Mutumin da dubban jama'a suka yi wa tafi ranar Lahadi, ranar Litinin yana aji yana koyarwa, ko yana banki, ko yana gona. Gundumar da ba ta haifi mai cin ƙwallo ba sai dai ta jira ta haifa.

Wannan ya fi yi wa Mayo nauyi saboda ƙasa ce ta hijira. A ƙidayar 1841 mutanenta sun kai kusan 388,000. Babbar yunwar da ta biyo baya da kuma ƙaura zuwa Ingila da Amurka suka kwashe su, har a ƙidayar 2022 ba su wuce kusan 138,000 ba. Da yawa daga 'yan wasanta a Dublin suke aiki ko karatu, tafiyar kusan awa uku a mota zuwa Castlebar inda filinsu na MacHale Park yake. Wasu kuma Ostareliya ta ɗauke su zuwa ƙwallonta mai albashi, kamar Pearce Hanley, da Oisín Mullin wanda ya tafi a ƙarshen 2022 yana kan ganiyarsa.

Shin Mayo ta taɓa cin kofin ƙasa kuwa?

Sau uku: 1936 da 1950 da 1951.

Kafin nan ta sha kaye a wasan ƙarshe na 1916 a hannun Wexford, da na 1921 a hannun Dublin, da na 1932 a hannun Kerry. Akwai ma wani rikici a gasar 1925. Mayo ce ta wakilci Connacht a wasan kusa da na ƙarshe tun ba a kammala gasar lardin ba, ta doke Wexford. Aka kori Kerry da Cavan, waɗanda suka buga ɗaya wasan, kan batun cancantar 'yan wasa, har ta kai Mayo ce kaɗai ta rage. Sai aka zo aka buga wasan ƙarshe na Connacht, Galway ta doke ta, kambun ƙasa ya koma hannun Galway.

Shekarun 1930 su ne lokacin da Mayo ta fara zama abin tsoro. Ta ci gasar rukuni sau shida a jere, daga 1934 zuwa 1939, abin da har yau babu wanda ya maimaita. A wasan ƙarshe na 1936 ta lallasa Laois 4-11 da 0-5, Séamus O'Malley ne kyaftin. Cikin 'yan wasan ranar akwai Henry Kenny, mahaifin Enda Kenny wanda ya zama firaministan Ailan a 2011.

Tawaga ta biyu ta fi wannan suna. Ta faɗi a wasan ƙarshe na 1948 da maki ɗaya tak, Cavan 4-5, Mayo 4-4. Bayan shekara biyu ta doke Louth 2-5 da 1-6, sannan a 1951 ta doke Meath 2-8 da 0-9. Kyaftin ɗinta a duka biyun Seán Flanagan ne, ɗan baya kuma lauya, wanda daga baya ya zama minista. Shi da ɗan gaba Tom Langan suna cikin mutum 15 da aka zaɓa a matsayin gwanayen ƙarni. Akwai kuma Pádraig Carney, likita, wanda ya koma Amurka aiki amma aka riƙa ɗauko shi a jirgi ya zo ya buga a gasar rukuni ta 1954, wadda Mayo ta ci. Tafiyarsa yana matashi ita kanta ta nuna irin asarar da gundumar ke yi.

To me ya faru bayan 1951?

Shiru mai tsawo. Mayo ta ci Connacht a 1955, ba ta sake ba sai 1967. Ta ci a 1969, ba ta sake ba sai 1981. A tsakanin, maƙwabciyarta Galway ta ɗauki Sam sau uku a jere, 1964 zuwa 1966. Abin da Mayo ta samu a waɗannan shekaru shi ne kofin rukuni na 1970. Shekara 38 ta yi ba ta taka wasan ƙarshe na ƙasa ba.

Yaya dawowar 1989 ta kasance?

John O'Mahony ne koci. A wasan kusa da na ƙarshe suka doke Tyrone, kuma hoton da ya rage a zukatan mutane shi ne na Willie Joe Padden, ɗan tsakiya, kansa naɗe da bandeji, jini ya ɓata masa riga, ya dawo fili ya ci gaba da tsalle yana cafe ƙwallo. A wasan ƙarshe suka haɗu da Cork, wadda ta faɗi a wasannin ƙarshe biyu da suka gabata kuma ta zo da yunwa. Anthony Finnerty ya shigo canji ya zura ƙwallo a raga, Mayo ta shiga gaba a zagaye na biyu. Ba da jimawa ba ya sake samun dama irin ta farko, ƙwallo ta bi gefen turke. Cork ta farfaɗo ta ci 0-17 da 1-11.

A lokacin ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin masifa. Murnar dawowa ake yi. Abin da ya fi ciwo daga baya ya zo: shi wannan O'Mahony, ɗan Mayo, ya ja ƙaramar Leitrim ta doke Mayo a wasan ƙarshe na Connacht a 1994, sannan ya kai Galway ta ɗauki Sam a 1998 da 2001.

Me ya sa har yau ake maganar 1996?

Domin a ganina, kuma a ganin magoya baya da yawa, wannan ne kofin da ya shigo hannu ya fita. Shekara uku kafin nan Cork ta yi wa Mayo kaca-kaca a wasan kusa da na ƙarshe, 5-15 da 0-10, tazarar maki 20. John Maughan, hafsan soja, ya karɓi ƙungiyar tana mataki na uku a gasar rukuni, ya gasa 'yan wasan da atisaye, a shekararsa ta farko suka doke Kerry 2-13 da 1-10 suka kai wasan ƙarshe da Meath.

Ana tsakiyar zagaye na biyu Mayo na gaba da maki shida. Sai ta ja da baya tana tsaron abin da ta tara, Meath kuma tana rage bashi ɗaya bayan ɗaya. Saura maki ɗaya, lokaci ya kusa cika, Colm Coyle na Meath ya ɗaga ƙwallo daga nesa. Ba ta kai turaku ba. Ta faɗo a gaban raga, babu wanda ya tare ta, ta yi tsalle daga ƙasa ta haye saman sanda. Aka tashi kunnen doki, Mayo 1-9, Meath 0-12.

A wasan maimaici, minti kaɗan da farawa, faɗa ya kaure a gaban ragar Meath, kusan kowa ya sa hannu. Alƙalin wasa Pat McEnaney ya zaɓi mutum ɗaya daga kowane ɓangare ya kora: Coyle daga Meath, Liam McHale daga Mayo. A lissafi an yi daidai, amma McHale shi ne ƙashin bayan Mayo a tsakiya, kuma shi ne ya fi kowa taka rawa a wasan farko. Meath ta ci 2-9 da 1-11, maki ɗaya.

Shekarar da ta biyo Mayo ta sake kaiwa wasan ƙarshe, ta tarar da Maurice Fitzgerald na Kerry a ranarsa. Shi kaɗai ya ci maki tara cikin 13 na Kerry. Aka tashi 0-13 da 1-7.

2004 da 2006 fa?

Waɗannan biyun babu wani in da a ce a cikinsu, Kerry ta fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba. A 2004 ta ci 1-20 da 2-9. A 2006 kafin a yi kwata na awa Kerry na da 2-4, Mayo ba ta ci komai ba, aka ƙare 4-15 da 3-5.

Abin tunawa a 2006 shi ne wasan kusa da na ƙarshe da Dublin. 'Yan Mayo suka fito suka nufi gefen filin da ake kira Hill 16, matattarar magoya bayan Dublin, inda bisa al'ada 'yan Dublin ke motsa jiki, suka fara nasu a can. Dublin ta fito ta tarar da su, ƙungiyoyi biyu suka cakuɗe a gefe ɗaya. A zagaye na biyu Dublin ta ba da tazarar maki bakwai, Mayo ta biya duka, sannan Ciarán McDonald, gwanin ƙafar hagu mai dogon gashi, ya ci makin nasara daga kusurwa mai wuya. Sakamako 1-16 da 2-12. Ana lissafa shi cikin wasanni mafi daɗi da aka taɓa yi a Croke Park.

Wa ya gina tawagar da ta addabi Dublin?

James Horan, wanda shi ma ya buga wasan ƙarshe na 1996. Ya karɓi aiki a ƙarshen 2010, shekarar da Sligo da Longford suka fitar da Mayo da wuri. Wasansa na farko a gasar ma da ƙyar ya tsira daga hannun Landan, sai da aka shiga ƙarin lokaci. Amma a wannan shekarar ta 2011 suka fitar da Cork mai riƙe da kofi, kuma daga nan Mayo ta ci Connacht sau biyar a jere har 2015.

Horan ya sauya halin ƙungiyar. Da ana yi wa 'yan Mayo kallon masu wasa mai kyan gani amma marasa tauri. Shi ya mayar da su masu matsa wa abokin hamayya tun daga gidansa, masu ƙwace ƙwallo da ƙarfi, da 'yan baya masu kutsawa gaba a guje: Lee Keegan, Colm Boyle, Keith Higgins, Donal Vaughan. A tsakiya akwai Aidan O'Shea da ɗan'uwansa Séamus, a gaba kuma Andy Moran da Cillian O'Connor.

A 2012 suka fitar da Dublin mai riƙe da kofi, 0-19 da 0-16. A wasan ƙarshe Donegal ta zura biyu a raga cikin minti 11 na farko, ta hannun Michael Murphy da Colm McFadden. Mayo ta yi ta bi har ƙarshe ba ta kamo ba, 2-11 da 0-13. A 2013 ta rama wa Donegal da 4-17 da 1-10, ta kai wasan ƙarshe, Bernard Brogan ya zura biyu, Dublin ta ci 2-12 da 1-14. A 2014 ta yi canjaras da Kerry a wasan kusa da na ƙarshe, aka kai maimaicin garin Limerick saboda an ba da hayar Croke Park ga wasan ƙwallon Amurka na jami'o'i, Kerry ta ci bayan ƙarin lokaci, 3-16 da 3-13. Horan ya sauka. A 2015 aka sake yin canjaras a wannan matakin, wannan karon da Dublin, aka sake faɗuwa a maimaici. Bayan haka 'yan wasan suka kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da kociyoyinsu biyu, Pat Holmes da Noel Connelly, abin da ya jawo musu surutu mai yawa, ya kuma ɗora musu nauyin su nuna cewa suna da gaskiya.

Mene ne ya faru a 2016 da 2017 da ake cewa ba a taɓa ganin irinsa ba?

Stephen Rochford ne koci. Ranar 18 ga Satumba 2016 ana ruwan sama, fili da santsi. 'Yan bayan Mayo suka riƙe 'yan gaban Dublin har kusan rabin awa babu ɗan Dublin ko ɗaya da ya ci maki. Duk da haka Dublin na da maki shida a allo, domin sau biyu ƙwallo ta bugi ƙafar ɗan Mayo ta faɗa ragarsu, na farko Kevin McLoughlin, na biyu Colm Boyle. Cin gida abu ne da ba kasafai ake gani ba a wannan wasa, balle biyu a zagaye ɗaya na wasan ƙarshe. Aka tafi hutu Dublin na gaba da biyar. Mayo ta dawo ta biya, kuma a cikin mintunan da alƙali ya ƙara Cillian O'Connor ya ci makin da ya daidaita, 0-15 da 2-9.

A maimaicin 1 ga Oktoba Rochford ya ajiye mai tsaron raga David Clarke ya sa Rob Hennelly, saboda bugunsa daga raga ya fi nisa. Keegan ya zura wata ƙwallo mai ban mamaki, sannan kafin hutu aka ba shi baƙin kati, wanda a dokar lokacin ke nufin ya fita ke nan sai dai wani ya maye gurbinsa. A zagaye na biyu ƙwallo ta kuɓuce wa Hennelly, ya kayar da ɗan Dublin, shi ma baƙin kati, ga fenariti, Diarmuid Connolly ya ci. A ƙarshe O'Connor ya samu bugun tazara da zai daidaita, ta bi waje. Dublin 1-15, Mayo 1-14.

A 2017 Mayo ta faɗi a Connacht, ta bi doguwar hanyar waɗanda suka faɗi a lardinsu, ta buga wasa goma a gasar, ciki har da doke Kerry a maimaicin wasan kusa da na ƙarshe. A wasan ƙarshe Con O'Callaghan ya zura wa Dublin ƙwallo tun minti na biyu, Mayo ba ta girgiza ba, ta tafi hutu tana gaba. A zagaye na biyu John Small na Dublin ya yi wa Boyle ƙeta, katinsa na biyu ke nan, zai fita ya bar Dublin da mutum 14. Kafin alƙali ya ɗaga katin, Vaughan na Mayo ya rugo ya kai wa Small hannu, shi ma aka ba shi jan kati, ribar ta tafi. Keegan ya sake zura ƙwallo a raga. Ana kunnen doki a ƙarshen lokaci O'Connor ya buga tazara ta daki turke ta dawo. Dublin ta samu nata bugun, Dean Rock ya tsaya zai buga, Keegan ya ciro na'urar auna gudu daga rigarsa ya jefa kusa da shi don ya raba masa hankali. Rock ya ci. Dublin 1-17, Mayo 1-16.

A duba wa suka yi wannan da shi. Dublin ta waɗannan shekaru ta ɗauki kofi sau shida a jere, 2015 zuwa 2020, abin da babu gundumar da ta taɓa yi, kuma da yawa na ganin ita ce ƙungiya mafi ƙarfi a tarihin wasan. Mayo ce ta fi kowa shaƙe mata wuya. Shi ya sa aka zaɓi Keegan gwarzon shekara a 2016, Andy Moran kuma a 2017 yana da shekara 33, duka biyu daga ɓangaren da ya faɗi.

Sun taɓa doke waccan Dublin ɗin kuwa?

Sun doke ta, ranar 14 ga Agusta 2021. Horan ya dawo tun 2019, ya ci gasar rukuni a shekarar, ya fara shigo da matasa. A Disamban 2020, lokacin annobar korona, sun buga wasan ƙarshe a Croke Park babu ɗan kallo, Dean Rock ya zura ƙwallo cikin daƙiƙa 13, Dublin ta ci 2-14 da 0-15. Bayan wata takwas suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe. An tafi hutu Dublin 0-10, Mayo 0-4. Mayo ta yi ta hawa har saura maki ɗaya, ta samu bugun mita 45 a ƙarshen lokaci. Wanda ya zo bugawa shi ne Rob Hennelly na 2016. Bugun farko ya kauce, alƙali ya ce a sake, na biyu ya raba turaku. A ƙarin lokaci Mayo ta ci 0-17 da 0-14, ta kawo ƙarshen wasa 45 da Dublin ta yi a gasar ba a doke ta ba.

Ranar 11 ga Satumba suka fuskanci Tyrone, kuma wannan karon su ake ba nasara. Sun ɓarar da damar raga fiye da ɗaya, fenaritin Ryan O'Donoghue ya goga turke ya fita, Cathal McShane da Darren McCurry suka zura wa Tyrone biyu. Sakamako 2-14 da 0-15, daidai da na shekarar da ta gabata. Cillian O'Connor, wanda ya fi kowa yawan maki a tarihin gasar, yana jinyar agara bai buga ba.

Gaskiya ne an yi musu baki?

Labarin da ake bayarwa shi ne, da tawagar 1951 ke komawa gida da kofi ta ratsa garin Foxford ana jana'iza ba ta tsaya ta girmama mamacin ba, sai wani limamin coci ya ce Mayo ba za ta sake ɗaukar kofin ba muddin akwai mai rai cikinsu. Ba a samu wata shaida daga lokacin da ta tabbatar da haka ba, 'yan tawagar da aka tambaya sun ƙaryata, kuma labarin bai bazu ba sai bayan da faɗuwa ta yi yawa. Paddy Prendergast, na ƙarshe cikin waɗanda suka fara wasan 1951, ya rasu a Satumban 2021, makonni biyu bayan wasan Tyrone. Mick Loftus, wanda ke benci a ranar kuma ya shugabanci GAA daga baya, ya rasu a 2023.

Ni wannan labari yana ɓata mini rai. Ya sa dattawan da suka kawo wa gundumarsu girma sun ƙare rayuwarsu ana ƙirga musu kwana, kuma yana rufe ido daga dalilan da ke fili.

To mene ne dalilan?

Na farko, bakwai daga cikin wasannin ƙarshe 11 da Kerry ko Dublin aka yi su, gundumomin da suka fi kowa kofi: Kerry 39, Dublin 31 zuwa 2025. Na biyu, raga. A wasannin ƙarshe bakwai da Mayo ta buga daga 2012 zuwa 2021, har da canjaras na 2016, ta zura uku kacal, aka zura mata 12, da yawansu kuma a farkon wasa. Ƙungiyar da fitattun 'yan wasanta 'yan baya ne, har ɗan baya Keegan ne ya ci biyu daga cikin ukun nan, kullum sai ta yi aiki ninki biyu kafin ta samu maki. Na uku, benci: a mintuna goma na ƙarshe Dublin na shigo da mutanen da za su fara wasa a kowace gunduma, Mayo kuwa ba ta da irin wannan zurfin. Sai kuma kurakuran da aka yi da hannu, kamar ja da baya a 1996, canjin mai tsaron raga a 2016, da jan katin 2017. Sau huɗu tazarar maki ɗaya ce, a 1996 da 2013 da 2016 da 2017, kuma a irin wannan tazara kuskure ɗaya ya isa.

Ban da Sam, me Mayo ta tara?

Kofin Connacht 48 zuwa 2021, da kofin rukuni 13, na baya-bayan nan a 2001 da 2019 da 2023. 'Yan ƙasa da shekara 21 sun ci kofin ƙasa a 2006 da 2016, kuma a tawagar 2016 akwai Shairoze Akram, haifaffen Pakistan da ya taso a Ballaghaderreen. 'Yan ƙasa da 18 sun ci a 2013. Kulob biyu na gundumar sun zama zakarun ƙasa, Crossmolina a 2001 da Ballina Stephenites a 2005. Matan Mayo kuwa sun ɗauki kofin ƙasa sau huɗu, 1999 da 2000 da 2002 da 2003, tare da Cora Staunton, wadda ake sa wa cikin gwanayen da wasan mata ya taɓa samu.

Ina aka kwana yanzu?

Daga 2022 zuwa 2025 Mayo ba ta koma wasan ƙarshe na ƙasa ba. Horan ya sauka a 2022, Keegan ya yi ritaya a farkon 2023. Kevin McStay ya ci kofin rukuni a shekararsa ta farko, amma Dublin ta fitar da su a 2023, Derry ta fitar da su da bugun fenariti a Castlebar a 2024, sannan a 2025 suka tsaya a matakin rukuni na gasar ƙasa bayan Donegal ta ci su da bugun ƙarshe na wasa. A Connacht ma Galway ce ta riƙe kofi daga 2022 zuwa 2025. A watan Agustan 2025 aka ba Andy Moran aikin koci.

Magoya bayan ba su ragu ba. Duk inda ƙungiyar ta je, ko wasan rukuni ne cikin sanyin Fabrairu, riguna kore da ja suna cika wuri, kuma a ranar babban wasa 'yan Mayo na Landan da Manchester da New York da Cleveland suna tururuwa gida neman tikiti. Takensu na neman Sam ya kai har bakin shugaban Amurka na lokacin Joe Biden, wanda kakanninsa suka fito daga garin Ballina na Mayo, ya rufe jawabinsa da shi a garin a watan Afrilun 2023. Aikin da ke gaban Moran shi ne wanda ya gagari waɗanda suka gabace shi: samo 'yan gaba biyu ko uku da za su ci ƙwallo a Croke Park ranar da ake bukata, a ƙarƙashin sababbin dokokin da suka ba masu bugun nesa daraja.